Na Goge Muryar Baba Istifanus

Gaisuwa gare ka Edita, da duk masu karanta wannan shafi, Musulmi da Kirista. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku karanta zuwa ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, domin zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni nas ce daga Filato, tun farkon shekarun tamanin nake zaune a Lanham, kusa da Washington. Muna da ƙaramar zumuntar Kirista masu sujada da Hausa. Wanda ya kafa ta shi ne Baba Istifanus, dattijo daga Kafanchan. A Baltimore ya fara tara mutane, a ɗakin ƙasa na wata tsohuwar coci da baƙi 'yan Poland ma'aikatan masana'antar ƙarfe suka gina da hannunsu. Shi kaɗai ya san yadda aka yi suka buɗe mana ƙofa, da sunayen mutanen farko, da wanda aka fara yi wa baftisma. Ba a rubuta ko ɗaya ba. Wata Lahadi ya zauna gaban rakoda ya faɗi tarihin duka, ya karya ɗan haƙorin kaset ɗin don kada a ɗauki wani abu a kai, ya miƙo mini. "'Yata, ke ce mai hankali a cikinsu. Riƙe mana."

Mai hankali! Ku ji abin da mai hankalin ta yi. Mahaifiyata ba ta karatu, ƙauyenmu ba waya, don haka kaset nake aika mata maimakon wasiƙa. Ran nan na dawo daga aiki da rana, wani ɗan'uwa ya bugo ya ce yana hanyar filin jirgi, zai tafi Jos, in ina da saƙo zai tsaya minti ashirin. Na birkice ɗaki, babu sabon kaset ko ɗaya. Sai idona ya faɗa kan na Baba. Ba kuskure ba ne, kada ma wani ya nema mini uzuri. Ni na ɗauko salatif na toshe ramin da ya karya, na danna maɓallin ɗaukar murya, na zauna ina ba uwata labarin sanyi da tsadar doya. Na ce a raina ai Baba na nan, sai ya sake faɗa. Ina na san bayan wata uku za mu binne shi?

Shekara biyu ke nan ina ɗauke da wannan abu. Yanzu za a rufe cocin Baltimore ɗin, jikokin masu ita duk sun watse. Wata Baturiya daga jami'a tana tattara tarihin cocin baƙi na birnin kafin ya ɓace, ta zo ta ce tana son namu ya shiga tare da na 'yan Poland. Nan take Mama Rifkatu, matar marigayin, ta nuna ni a gaban jama'a tana murmushi. "Ai tarihinmu na hannun 'yar nan. Baba bai ba kowa ba sai ita." Ni kuwa na ce, "Yana nan lafiya, Mama." Da bakina, a cikin coci! Bayan an tashi ta kama hannuna ta ce, "Ni ba tarihin ne ya dame ni ba. Muryarsa nake so in ji, ko sau ɗaya. Jikokinsa ma Turanci suke amsa mini, bari su ji Hausar kakansu." Sannan ta ba ni miyan kuka a roba. Na kai gida na kasa ci.

Na yi tunanin in ce wa Mama Rifkatu ruwa ya shiga ɗaki ya lalata kaset ɗin. Za ta yarda, ba ta taɓa zargina da komai ba. To amma ga abin da ya hana ni sukuni. Makon jiya kaset ɗin mahaifiyata ya iso, a ciki take cewa, "Wai wane ne tsohon nan da ke waƙar yabo a ƙarshen tsohon kaset ɗinki, bayan kin gama surutunki? Kullum da safe sai na saurare shi." Ashe ban goge duka ba. Tarihin ya tafi, amma waƙar da ya rufe da ita tana nan a akwatin uwata.

In na yi ƙaryar ruwa, mutuncina ya tsira, Mama Rifkatu kuma ba za ta sake jin mijinta ba har abada. In na aika a kawo kaset ɗin, dole ta saurari muryata ina ƙorafin doya a kan maganar mijinta kafin ta kai ga waƙar, ta san abin da 'yar amanarsa ta yi. Lahadi mai zuwa ta ce in zo da shi, har ta sayi sabon batir na rakodarta.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?