Filash a Kwanon Goron Inna

Radiyya,

Na fita kina barci. Za ni Isa, motar farko nake son samu.

Filash ɗin da munka naɗi muryar marigayi Baba a ciki, inda yake faɗin iyakokin gonarmu ta Kurawa, ya ƙi buɗewa. Jiya a shagon Maliki kwamfuta uku munka gwada. Biyu ba su gan shi ba sam, ta ukun ta ce a yi mai fomatin. Maliki har ya kai hannu na riƙe shi, don da ya danna da komai ya goge. Ya ce bakin ya yi tsatsa, amma akwai mai gyara a Isa da ke iya ciro abin da ke ciki. Jibi ne zamanmu gaban hakimi kan rikicin iyakar gonar, kuma ba mu da wata shaida sai muryar nan.

Kin san inda na same shi? Cikin kwanon goron Inna, ƙarƙashin tsumman da take yayyafa wa ruwa kullum. Wata bakwai yana nan.

In ta tambaya, ki ce na tafi a kwafo shi ne. Don Allah kada ki yi mata zancen tsatsa. Ni na ce ta aje shi inda ba zai ɓata ba, ita ko ta aje Baba inda hannunta ke zuwa sau goma a yini.

Yayanki,
Nasiru