Ni Ba Kakar Kowa Ba Ce

Husum, Laraba

Ƙanwata Gesche,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki, yaya mijinki Hinnerk da tarinsa? Ni ƙugun da na karya ya fara haɗewa, har ina takawa da sanda. Amma hankalina a tashe yake.

Tun da aka kwantar da ni asibitin nan, yaran da ke jinyarmu ba sa kira na sai da Kaka. "Kaka, a buɗe baki." "Kakarmu ta yi bacci?" Ni da ban taɓa haihuwa ba, kakar wa? Shekarun da na yi ina koyarwa, babu wanda ya taɓa kira na sai da Uwargida Lorenzen. Na gaya musu sau biyu, suka yi dariya, wai Kaka akwai rigima. Kin san halina. Sai na daina amsawa, in aka ce Kaka in kafa wa taga ido.

Ashe kaina na yi wa. Jiya na ji ɗayarsu tana gaya wa likita wai tsohuwar nan ba ta gane ana kiranta, da alama ta fara rikicewa. Ranar Litinin zai yanke ko in koma gidana ko a kai ni gidan tsofaffi. Gesche, tsoro nake ji. Daga yau ko mage suka kira ni zan amsa.

Yayarki,
Frauke

Husum, Litinin

Gesche,

Ina fata kuna lafiya.

Tun Laraba nake amsawa da murmushi, har abinci na bari ana ba ni a baki. Suna ta murna, wai Kaka ta dawo hayyacinta.

Yau da safe likitan ya shigo, ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Uwargida Lorenzen?" Na ji shi sarai. Ina zaune da murmushina ina jira a ce Kaka, har na waiga in ga wace mata ake nema. Sai da ya maimaita sannan na farga. Ya dube ni, ya dubi yarinyar da ke jinyata.

An ɗage maganar zuwa Alhamis, wai sai dangi sun zo. Don Allah ki hau jirgin ƙasa gobe. Ki gaya musu ƙalau nake. In kuma kin ga ba ƙalau nake ba, ni za ki fara gaya wa.

Ki gaida Hinnerk.

Taki har kullum,
Frauke Lorenzen