Rangwamen Mu'awiya

Dogon Dutsi

Zuwa ga Yaya Kubra a Gesheme,

Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wadda ta goya shi, ina sanar da ke, da duk wanda ke kusa da ke, cewa ni, Mushe Abdulwahabu, kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci, tsohon daraktan lekwal, wato makarantar boko, na karya tsadar kayan miya a garin nan.

Tun da na bar aiki na karɓi cefane daga hannun Sahura, domin matata ba ta san ciniki ba. Na gano wani ɗan kasuwa, Mu'awiya, mutumin wajenku. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, har gero: ya faɗi kuɗi, in raba biyu, in gyara tabarau, sai ya sallama yana kallon ƙasa. Da yake ilimi ba a ɓoye shi, ranar kasuwar da ta wuce na ja maƙwabtana na masallaci zuwa rumfarsa, na tsaya a kansa har kowa ya saya a farashina.

Na aiko takarda ta hannun direba saboda waya ma ɓarna ce.

Ƙanenki mai nasara,
Abdulwahabu

Gesheme

Auta,

Muna lahiya. Ka gaida Sahura.

Mi kai wa bawan Allah? Mu'awiya ya zo gidana kamar wanda aka yi wa sata. Kukar da kake ci ni na daka ta. Geron daga rumbuna ya hito. Bara na aiko maka buhu, ka maido shi cikin motar da ta kai shi, ka ce darakta ba ya cin sadaka. Shi ya sa nake ba Mu'awiya kayan, na ce ya sayar maka ko nawa ka taya, don ka ci da girmanka.

Kason da na ba shi naka ne kai ɗaya. Mutanen da ka tara, kayansa na kansa ya auna musu da hasara. In ya hana su a gabanka sai ya tona ni, shi ko ya yi mini alkawari. Yanzu jarinsa ya taɓu, yana da ɗiya biyar.

Yayarka,
Kubra

Dogon Dutsi

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa daga mutumin da bai fita masallacin unguwa ba tun zuwan takardarki. A wata unguwa nake salla, a sahun baya.

Na karanta wa Sahura abin da kika rubuta, ina jiran ta yi mamaki. Ta ci gaba da tankaɗe. Ta ce, "Malam, ai tun ranar farko na gane ƙullin daddawar Yaya. Wa ke nannaɗe ta da ganyen kalgo biyu in ba ita ba?" Na tambaye ta dalilin shirunta. Ta ce ta ga cefanen ne kaɗai ke sa ni sa babbar riga da safe.

Na je wurin Mu'awiya da jawabin neman gafara da na tsara sakin layi sakin layi. Ya miƙe ya ba ni kujerarsa, ya tambayi ciwon gwiwata. Jawabin ya maƙale. Ina zaune sai ga liman da kwando, yana cewa a auna masa "irin na Mushe". A nan, a tsakiyar kasuwa, na bayyana wa liman cewa gwanintata ta ciniki wata tsohuwa ce a Gesheme mai turmi. Bai yi dariya ba, kuma da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Na sayar da babbar rigata ɗaya na cike wa Mu'awiya giɓinsa. Saura naki. Ki faɗa mini abin da zan biya.

Ƙanenki,
Abdulwahabu

Gesheme

Auta,

Har yanzu kana nan da halinka. Wanda na wanke wa kashi zai biya ni kuɗin kuka?

Gonar nan ta Baba ce, da ni da kai. Tambaya ɗaya gare ni. An yi girbi, buhu na nan ɗaure. In aiko shi ƙohwar gidanka, da rana, kowa na gani, ko in bar shi? In ka sake maido shi, ba ni ƙara aikowa.

Kubra

Dogon Dutsi

Yaya,

Ki aiko. Zan tsaya a tasha da kaina, kuma duk wanda ya tambaya zan ce daga yayata ne. Idan akwai sauran kuɓewa, Sahura ta ce ba za ta ƙi ba.

Kotu ta zauna a zaurena, ni ne alƙali, ni ne mai laifi. An ci ni tarar goro ɗaya, wanda zan saya ranar kasuwa a kan kuɗin da mai shi ya fara faɗa, ba tare da na taya ba.

Na gode.

Autanki