Tankin Kifin Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kana lafiya, ya iyali, ya aikin shagon kifi? Tankin gilashin da ka aiko wa Baba ya iso, babu abin da ya fashe. Na ajiye shi a falo inda rana ba ta bugawa, na dama gishirin da ka haɗo a ruwa, na jera duwatsun, na kunna famfon da ke juya ruwan. Amma ina kifin? Tun safe Baba yake zaune gaban ruwan yana tambayata. Ka san tun da mantuwar nan ta kama shi, tambaya ɗaya sai ya yi ta maimaitawa har bakina ya gaji.

Ka gaida matarka da yara.
Ƙanwarka, Auta

Wa alaikumus salam Auta,

Sannu da ɗawainiya. Kifi ba yanzu ba. Sabon ruwa guba ne a gare su, domin kashinsu yana zama wani sinadari mai cutarwa da ake kira amoniya, kuma babu abin da zai cinye ta tukuna. Ki jefa ɗan guntun jatan lande ki bar shi ya ruɓe. Wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani za su hayayyafa a duwatsun da cikin soson matatar ruwan, su ne masu tsabtace ruwan. Abin yakan ɗauki makonni. Ki riƙa ɗiga maganin gwajin da na haɗo miki, kina gaya mini launin da ya nuna. Kada ki kashe famfon. Likitoci sun ce kallon kifi yana kwantar wa irin su Baba hankali.

Ki gaishe shi da kyau.
Yayanki

Yaya, salama,

Ka yi haƙuri da daɗewar da na yi ban rubuto ba. Baba ya zame a banɗaki, ƙugunsa ya bugu, yanzu sai na ɗaga shi.

Ga labarin tankinka. Kullum Baba sai ya marmasa burodinsa a ciki, wai kifin suna ɓoye a bayan dutse, yunwa suke ji. Ruwan ya yi fari, falon ya ɗauki wari. Na ciro soson nan na wanke shi tas da sabulu. Da ruwan ya washe, Baba ya riƙe hannuna ya ce, "Ke ma kin san babu komai a ciki, ko? Ruɗina kuke yi." Ban iya jurewa ba. Na je wani shago na sayo ƙananan kifi biyu masu launin ruwan lemo. Ranar ya yi dariya, har ya cinye abincinsa.

Washegari ban gan su ba. Sai da na zo wanke rigarsa na same su a aljihu, sun sandare. Ya ce shi ya tsamo su da ya ga sun daina motsi, kada yaron nan ya dawo daga makaranta ya gani ya yi kuka. Kai yake nufi, Yaya.

Ni ke yi masa wanka, ni ke canza zanin gado, ɗinkin mutane ya taru a kan keke ban taɓa ba. Na san da zuciya ɗaya ka aiko, amma majinyaci na biyu ka ƙara mini.

Auta

Auta,

Sabulun ne ya kashe ƙwayoyin, kuma laifina ne da ban gargaɗe ki ba. Sai an sake daga farko. Kada ki ƙara taɓa tankin. Na roƙi maigidan shagonmu hutu, ina nan tafe ranar Asabar, kuma zan zauna har ruwan ya yi daidai. Ki koya mini yadda ake ɗaga shi ba tare da ya ji zafi ba, sannan ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa ki yi barci.

Yayanki

Yaya,

Allah Ya kawo ka lafiya. Ka taho da sabon soso. Kuma ka shirya zuciyarka kafin ka shigo falon. Jiya ina ba shi shayi, ya dube ni cikin ladabi ya tambaye ni 'yar gidan wa ce ni.

Sai ka iso.
Auta