Wutar ta tsaya a inda aka sare itatuwan Baba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, ya kuma raba ki da ciwon kan nan da ke damunki. Mu ma nan lafiya lau muke. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida ba sanda. Ni kuwa ina nan ina fama da keken ɗinkina, wanda ya tsufa har ya fi ni ƙorafi.

Na san labarin gobarar gandun daji zai iso miki a gutsure, shi ya sa na ce gara ki ji daga bakina. Ki kwantar da hankalinki, Yaya Dogo yana nan da ransa, yana cin abinci, har faɗa yake yi mini. Hannuwansa biyu ne suka ƙone, likita ya ce za su warke sarai. Girarsa ce dai ta tafi ƙaf, in kin gan shi sai ki ce dafaffen ƙwai aka ɓare. Allah ya yafe mini, dariya nake yi ina hawaye.

Kin tuna abin da ya haɗa ku bara. Da aka ba shi shugabancin ma'aikatan gandu, ya ce filin nan da ake sharewa tsakanin gonaki da daji don tare wuta ya yi siriri. A zamanin Baba ya isa, amma yanzu damina tana zuwa a makare ta ɗauke da wuri, ciyawa tana bushewa ƙamas tun lokacinta bai yi ba, iska kuma ta ƙara ƙarfi. Ya ce in ba a faɗaɗa shi ba, wata rana wuta za ta tsallake kamar ba a share komai ba. To, a kan hanyar faɗaɗawar ne layin farko na maɗacin da Baba ya dasa da hannunsa yake tsaye, kuma Dogo ya sare shi. Ke kika ce masa a waya ba shi da imani, kika kashe, ba ki sake ɗaukar kiransa ba. Inna kuwa ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Gaisuwarsa kawai take amsawa, abincinsa ni take miƙo wa in kai. Kujerar da ya sa aka sassaƙa mata da itacen, ta tura ta bayan ƙofa ta ɗora mata tsummoki. Ni na zama 'yar aike a tsakaninsu, wallahi na gaji.

Makon jiya da rana tsaka ina shago sai na ga toka tana sauka a kan farin yadin wata mata. Ina leƙawa waje na ga hayaƙi ya rufe gabas. Daga gonaki wutar ta taso, har yanzu ba a san wanda ya tashe ta ba. Na rufe shago na ruga gida, na tarar da Inna a bakin ƙofa ba takalmi, duk wanda ya wuce sai ta tare shi ta tambaye shi ko ya ga Dogo. Yaya, tun bara ban ji sunan nan a bakinta ba. Na zauna a dandamali muna jiran labari.

Waɗanda suka je sun ce wutar ta zo da gudu, tsayinta ya wuce mutum, amma da ta iso filin sai ta rasa abin ci. Ashe tun ciyawar tana da sauran danshi su Dogo suka bi ta suka ƙone ta kaɗan-kaɗan, suka kwashe busassun rassa. Tartsatsi ne kawai iska ta jefa kan rumfar ciyawa da ke yi wa ƙananan dashe inuwa, shi kuma da taurin kan nan nasa ya kama rumfar da hannu ya janye ta. A nan ya ƙone. Kafin la'asar sakaliya an kashe komai. Dajin yana nan, dashen bana yana nan, masu itace da masu zuma ba wanda ya rasa abin yi. Alhamdu lillahi, daren nan na yi barci kamar an sauke mini dutse daga ƙirji.

Washegari Inna ta ce in raka ta wurin. Mun tsaya a kan kututturan da aka sare. Hagunmu baƙi ƙirin har iyakar gani, damanmu kuwa sauran itatuwan Baba, layi bayan layi, ko ganye ɗaya bai yi yaushi ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Da Babanku yana raye, da shi zai fara ɗaga gatarin." Da muka dawo ta jawo kujerar nan daga bayan ƙofa, ta kaɗe ta, ta zauna a kai ta ba Dogo abinci a baki tun da ba ya iya riƙe cokali. Gardi da gemunsa, ya sunkuyar da kai yana ci yana kuka.

Saura ke, Yaya. Bai ce in roƙe ki ba, kin san shi. Amma duk sanda waya ta yi ƙara sai ya ɗago ya tambaye ni wane ne, in na faɗa sai ya ce to. Ke ma ya sa an sassaƙa miki kujera tun bara, tana ɗakinsa a naɗe cikin buhu.

Inna tana gaishe ki tana sa miki albarka. Ki gaida maigidanki, da Babban Yaro, da 'Yar Lele, ki ce mata rigarta ta kusa. Gwaggo da Kawu Direba suna gaisuwa. Don Allah ki kira shi. Ba zai iya ɗauka da hannunsa ba, amma ina kusa, ni zan riƙe masa wayar a kunne.

Taki har kullum,
ƙanwarki Auta