Mesar 'yata ta daina cin abinci a hannuna

Gwaggo Wanda, ki taimake ni. Amma kafin nan ina gargaɗin duk uwar da ke karanta wannan shafi: idan 'yarki ta shigo da akwati lulluɓe da bargo, ta ce miki "Mama, wata uku ne kacal," ki ɗaga bargon kafin ki ce to. Ni ban ɗaga ba.

'Yata Jagoda nas ce, shekararta ashirin da huɗu. A watan Janairu ta samu aikin wata uku a wani gidan kula da tsofaffi a Jamus. Ta saki ɗakin da take haya a Krakow, ta kwaso kayanta zuwa gidanmu a Krosno, nan ƙasar Poland, hawa na uku. Cikin kayan akwai akwatin gilashi, cikin akwatin akwai mesa. Ba babbar nan mai haɗiye akuya ba, ƙaramar ce, wadda ke dunƙulewa kamar curin zare idan ta tsorata. Sunanta wai Kluska.

Ni mace ce mai tsari. Yara biyu na raina, babu wanda ya taɓa kwana da ƙazanta. Jagoda ta manna takarda shafi biyu a jikin akwatin, wai ƙa'idojin kula da mesa. Na cire ta na sa a durowa, domin ban ga ranar da 'yar da na koya wa ɗaura igiyar takalmi za ta rubuta mini darasi ba.

Da na duba cikin akwatin sai raina ya ɓaci. Ƙasansa cike da ɓawon kwakwa mai danshi, ga wasu abubuwa biyu a kife kamar fasassun tukwane, ita kuma tana ƙarƙashin ɗaya daga safe har yamma. Na kwashe ɓawon na zubar, na wanke gilashin da sabulu, na shimfiɗa farin tawul. Tukwanen ma na fitar da su. A gidana ba a ɓuya da rana. Sannan na mai da akwatin gindin taga, saman ƙarfen ɗumama ɗaki, don ta ga haske kamar kowa. Kullum ƙarfe bakwai na safe nakan buɗe tagogi duka na rabin awa, in rataya barguna su sha iska, ko da ƙanƙara na zuba. Haka uwata ta yi, ta kuma kai shekara casa'in da ɗaya. Wayar da ke ɗumama ƙasan akwatin kuwa nakan zare ta in zan fita, yadda nake zare ta dutsen guga.

Abincinta ɓeraye ne daskararru, suna cikin firiza ƙarƙashin jakar pierogi, abincin nan namu mai kama da samosa. Ran nan mijina Zenon ya je neman abin da zai soya, ya dawo yana riƙe da ɗaya ta wutsiya, ya ce, "Ranki ya daɗe, tun yaushe naman gidan nan ya fara gashin baki?" Ban yi dariya ba.

Sau ɗaya ta ci, a makon farko. Yau mako takwas ke nan ba ta sa kome a baki ba. Na ba ta ɓeran, ta juya kai. Na dafa kaza na yayyanka ƙanana, ta dunƙule. Na gwada ƙwai. Ba a taɓa ƙin girkina haka ba, har surukata da ba ta ƙaunata takan ƙara. Fadan cocinmu ya ce mu rage ci a wannan azumin na kafin bikin Ista, babu wanda ya bi maganarsa a unguwarmu kamar Kluska. Ta yi saɓa, amma gutsi-gutsi, saura ya maƙale mata a baya da kan idanu. Jiya kuma na ji wani ɗan fito idan tana numfashi. Zenon ya ce waƙa take koyo.

Ga inda abin ya fi ci mini rai. Kowace Lahadi bayan coci Jagoda takan kira, ta ce, "Mama, ya Kluska? Ta ci kuwa?" In ce ta ci. Ta nemi hoto, na ce kyamarar wayata ta lalace. Ni da na taɓa mayar da ita shago tana shekara bakwai ta ba da haƙuri saboda alewa ɗaya da ta ɗauka ba a biya ba. Shekara biyu muka yi ba ma magana da ita, bayan na faɗa mata ra'ayina a kan wani saurayinta mai ɗan kunne (kuma gaskiya na faɗa). Wannan mesar ce abu na farko da ta roƙe ni tun lokacin. Saura mako uku ta dawo, ranar Asabar ɗin Ista. Zenon ya ce in ta mutu mu sayo wata mai kama da ita, wai duk maciji igiya ce. Na tsawatar masa, amma na tambayi inda ake sayarwa.

Ki faɗa mini yadda zan sa ta ci kafin ranar. Ni dai na riga na kafa doka: daga yau babu wani mai rai da zai ƙara shigowa gidan nan sai yana da ƙafafu, yana kuma cin abin da muke ci.

Uwa mai tsari, Krosno

'Yar'uwata mai tsari,

Bar maganar ci tukuna. Wannan fiton shi ne na gaggawa. Alama ce ta sanyi ya kama mata ƙirji, kuma ba ya warkewa da kansa. Gobe ki nemi likitan dabbobi wanda ya san macizai, ko da sai kin kai birnin Rzeszow. Ki sa ta a jakar matashi, ki ɗaure baki, ki sa a kwali da gorar ruwan ɗumi naɗe cikin tawul. Zenon ya tuƙa.

Yau kuwa ki buɗe durowa ki ɗauko takardar. Na tabbata abin da zan faɗa yana ciki.

Wannan mesar 'yar ƙasa mai zafi ce, kuma a rami take wuni. Ɓuyan nan ba lalaci ba ne, in ta rasa shi tsoro ke hana ta ci. Ki mayar mata da tukwanenta biyu, ɗaya a gefen ɗumi, ɗaya a gefen sanyi, su matse ta yadda jikinta zai taɓa bango. Ki sauke akwatin daga gindin taga zuwa lungun da iska ba ta bi. Wayar ɗumi ba ta fita daga soket, dare da rana, kuma ta bi ta na'urar da ke daidaita zafi don kada ta ƙona mata ciki. Gefen ɗumi ya kai digiri talatin da ɗaya, ɗaya gefen kada ya sauka ƙasa da ashirin da biyar. Da ma'auni ake sani, ba da tafin hannu ba. Ƙarfen ɗumama ɗaki ya busar mata da iska, shi ya sa saɓar ta maƙale. Tawul ya fita, ɓawon kwakwa mai ɗan danshi ya dawo, da kwanon ruwa mai nauyi da ba za ta kifar ba. Kada ki ɓare mata fatar da hannu, musamman ta ido. Wannan aikin likita ne.

Kaza da ƙwai ki ba Zenon. Irin wannan mesar takan yi watanni ba ta ci ba a lokacin sanyi, ba ta kuma mutu ba. Idan likita ya ce ta warware, ki bar ta mako guda babu taɓawa, sannan ki narkar da ɓera ɗaya, ki ɗumama shi a ruwa, ki miƙa mata da abin kamu da yamma. In ta ƙi, sai wani makon.

Ban ga mugunta a abin da kika yi ba. Kin yi mata abin da kike yi wa duk wanda ke ƙarƙashin rufinki: tsafta, iska, abinci. Ita ma Jagoda da nata laifin, ba a barin dabba irin wannan da takarda kawai, ya kamata ta zaunar da ke ta nuna miki. Sai dai takardar ke kika cire, ƙaryar Lahadi kuma taki ce ke kaɗai.

Mesar sayowa ki manta da ita. Mai mesa ta san zanen bayan abarta kamar yadda kika san fuskar 'ya'yanki, kuma ran da ta gane, shirun da zai biyo baya zai fi shekara biyu. Kada ki jira Lahadi. Ki kira ta kuna fitowa daga wurin likita, ki faɗa mata duka, har kazar. Za ta yi faɗa. Ki yi shiru ki saurara har ta gama, na san ba ki saba ba. Daga nan ki tambaye ta, "Me zan yi yanzu?" ki kuma yi yadda ta ce.

Dokarki ba zan taɓa ta ba, gidanki ne. Amma kada ta fara aiki sai Jagoda ta zo ta ɗauki Kluska da ranta.

Allah ya ba mesa lafiya, ya sa ku zauna teburin Ista ku duka.

Gwaggo Wanda