Wuƙar Babanki a Cikin Bidiyo

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya kare ki a inda kike karatu, ya ba ki ilimi mai amfani, ya haɗa miki da hankali, don na ga alama shi ne ya yi ƙaranci. Yayarki ta sauka lafiya, an sami mace. Kakarki dai ƙafar ce har yanzu. Sauran labarin ba mai daɗi ba ne, kuma na ƙi faɗa miki a waya don kada ki katse ni da dogon bayaninki.

Da kika zo hutu kin bi babanki mayanka kina ɗaukar hoto, kika ce aikin makaranta ne. Ashe bidiyo kika haɗa kika saki duniya ta gani, kina kiran mutane su rage cin nama, wai gyatsar shanu da saran daji don kiwo ke ƙara wa duniya zafi. Kika nuna jini a kwata, kika nuna hayaƙin tayar da ake babbaka da ita. Kin rufe fuskokin mutane, a ganinki kin yi wayo, amma kika bar wuƙar babanki a kan teburi, mai jar roba a ƙota. Kina 'yar mahauci ba ki san mahauta sun fi gane juna da wuƙa a kan fuska ba?

Ranar Talata, sati biyu da suka wuce, jami'an tsafta suka zo suka rufe wurin babbaka. Kafin rana ta take bidiyon ya zaga wayoyin kasuwa. Wani mahauci da ake kira Gatari ya tsaya gaban teburin babanki yana kiransa munafuki, wai nama ne ya kai 'yarsa makaranta, yanzu ya turo ta ta kashe musu sana'a. Babanki ya fara rantsuwa bai san komai ba, bai rufe baki ba aka maka masa ƙashin cinyar saniya a muƙamuƙi. Ya faɗi a cikin kwatar nan da kika ɗauka. Yayanki Dogo ya tsallake teburi ya shaƙe Gatari, mutum biyar suka rufe Dogon da duka, ƙugiyar rataye nama ta yage masa hannu tun daga gwiwa. Suka kife teburin, suka tattake naman, karnuka suka ja sauran. Da kawunki bai kwanta a kan babanki ya tare masa dukan ba, da yanzu ta'aziyya ake yi miki. Ni na wanke rigar babanki, sau huɗu ina canza ruwa bai daina ja ba.

Kada ki ɗauka ban fahimci maganarki ba. Na yi sakandare, kuma ina da jiki, na san zafin bana ya fi na bara, na ga damina ta rikice. Wataƙila gaskiyarki ce. Amma wanda ya san illar gyatsar saniya ya kamata ya san illar tona asirin ubansa a gaban abokan sana'arsa. Ba ki nemi izininsa ba, ba ki gaya mini ba, kika zauna can nesa ana yaba miki, mu muna nan muna kwasar haƙora a ƙasa.

Shugaban mahauta ya ce babanki ba zai koma teburinsa ba sai kin cire bidiyon, kin kuma aiko da muryarki kina ba su haƙuri kafin ƙarshen wata, in ba haka ba za a ba wani wurin. Shekara talatin yana tsaye a wurin nan. Baban naki ya rubuta mini a takarda, tunda ba ya iya magana, kada in gaya miki, wai kina da jarrabawa. Yau na saɓa masa, kuma ban yi nadama ba.

Ki gaishe da gwaggonki da kike zaune wurinta, da mijinta, da tagwayensu. Kakarki da yayarki suna gaishe ki. Dogo kuwa ya ƙi aiko da gaisuwa.

Abin da kika nema kuwa kin samu a gidanku. Sati biyu ke nan ba mu ɗora nama ba: babu mahaucin da zai sayar mana, babanki kuma likita ya ɗaure masa muƙamuƙi da ƙarfe, da cokalin shayi nake ɗura masa abinci. Sai ki duba littafinki ki gaya mini ko duniya ta huce.

Mahaifiyarki.